Zugun Magajiya

Mai gidana, Allah Ya jiƙansa, shi ne mai ba da labarin nan in an zauna. Yanzu babu shi, ni kuma ban so labarin ya bi shi ƙasa, shi ya sa na rubuta yadda na riƙe.

A zamanin da, akwai wata 'yar ƙasa a bayan gulbi, ana kiranta Gulbare. Ba su da yawan dakaru, ba su da gishiri, ba su da zinariya. Auduga suke da ita. Mata su kaɗa, maza su saƙa, a naɗe farin zugu a ɗora wa jakuna, sai Birnin Marafai, babban birnin da ke gabas da su. Duk fataken da suka iso ƙofar Marafai sai an kwance kayansu an cire fito, amma ban da na Gulbare. Asalin abin kuwa, an taɓa yin wani yaƙi a bakin gulbin aka kashe Marafawa da yawa. Mutanen Gulbare suka fito da zugunsu suka yi wa gawarwakin sutura, ba su karɓi ko wuri ba. Sarkin Marafai na wancan zamani ya rantse ba za a ƙara karɓar fito a kan saƙar Gulbare ba. Ya kuma ce duk sarkin da ya hau gadon Marafai, zugun farko da ayarin Gulbare ya kawo masa shi ne likkafaninsa, a ajiye masa a ɗaka har ranar.

Haka aka daɗe ana yi, har wani sarkin Gulbare ya bar Kwazarawa, abokan gaban Marafai, suka shayar da dawakinsu a gulbi, bai aika ya faɗa ba. Marafai ta ji, ta soke alfarmar. Aka ɗora wa zugun Gulbare fito mai nauyi, har ya zama jaki ya fi kayan da ke bayansa daraja. Saƙa ta tsaya. Samari suka watse neman abinci, gara ta ci itatuwan masaƙa, gonakin auduga aka mayar da su na gero. Wancan sarki ya mutu, ɗansa Nomau ya gaji gari mai yunwa.

Ranar da jakadan Marafai ya iso, rimin ƙofar fada ya fashe da auduga ba lokacinsa ba. Ta yi ta zuba ba iska, ta rufe filin fada fari fat. Tsofaffi suka dubi juna.

Sarki Nomau ya zauna, Galadima Tunau a damansa, Sarkin Masaƙa a can ƙasa. Magajiya Gwamma, yayar sarki, tana zaune a wurinta bayan ginshiƙi. Ɗanta na fari, Barde Anaruwa, shi ke riƙe da ɗan abin da ya rage na mahayan gari, yana tsaye bakin ƙofa.

Jakadan, Cindo ake ce masa, ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce: "Ranka ya daɗe, Sarki Barmo na Marafai, bajimin gabas, ya hau gadon ubansa, yana gaishe ka. Ya ce ya duba ɗakin da kakanninsa ke ajiye likkafani, ya tarar da nasa wurin babu komai. Ya ce laifin uba ya bi uba kabari. Zai buɗe wa Gulbare ƙofa kamar da, ba fito, ba kwance kaya. Amma a kawo ayari cikakke kafin gulbi ya kawo ruwa, don yana yaƙi da Kwazara, dakarunsa na son tufa da lifidi. Kuma ya zama audugar Gulbare ce, kaɗin matan Gulbare, saƙar mazan Gulbare. Zare ɗaya na wata ƙasa kada ya shiga."

Sarki ya ce, "Madalla. Allah Ya ja zamanin ɗan'uwana."

Jakada ya ce, "Da saura, Zaki. Tun da ba za a kwance kaya ba, sai a ba da abin riƙewa. Mutum ɗaya daga jinin gidan nan ya bi ni ya zauna a Marafai. In alkawari ya cika, baƙo ne mai daraja. In an ci amana, wuyansa ne fiton."

'Ya'yan sarki duk ƙanana ne. Galadima ya juya a hankali ya dubi bakin ƙofa, sauran mutane suka bi idonsa. Barde Anaruwa ya tako ya durƙusa.

"Kawu, ranka ya daɗe, ni ne dai. In ba ni ba wa?"

Magajiya ba ta ɗaga kai ba. A ƙasar nan, kamar ko'ina a wancan zamani, uwa ba ta faɗin sunan ɗanta na fari, ba ta nuna tana sonsa a gaban mutane. Tun da ta haife shi sunan nan bai taɓa fita bakinta ba. Da ya zo yi mata sallama ya ce, "Inna, zan tafi," bango ta duba ta ce, "To. A riƙe mutunci." Iyakar abin da ta ce ke nan.

Bayan sun tafi aka sake zaman fada. Sarki ya ce, "Sarkin Masaƙa, me ke hannunka?"

Tsohon ya ce, "Allah Ya ba ka nasara, ƙarya ba ta da amfani. Babu auduga a rumbu. Masaƙan da suka rage, ni da wasu tsofaffi ne masu rawar hannu. In aka shuka bana, baɗi a samu ayari. Kafin ruwan bana kuwa, ko jaki ɗaya ba mu cikawa."

Sarki ya ce, "Me ya sa ba ka faɗa ba jakada na nan?"

"Zaki, ba a tambaye ni ba. Kuma na ga kowa na murna."

Galadima ya gyara zama. "Ranka ya daɗe, ƙofar da aka buɗe yau, in ba a shiga ba, ba ta jiran baɗi. Garin nan ya ci ƙwarya ya ci ludayi. Ni ina da shawara. Bayan dutse akwai fataken Kwazara, zugu gare su har ba su san inda za su kai shi ba, tun da yaƙi ya rufe musu Marafai. Mu karɓo. Mu wanke a gulbinmu, mu shanya a rairayinmu, mu buge, mu yi masa naɗin Gulbare. Wa zai kwance? An ce ba kwance kaya. In ma an sayar a kasuwa, shekara nawa rabon Bamarafe da ya taɓa saƙarmu? Waɗanda suka san ta sun mutu ko sun makance. Hannu na mantuwa, Zaki. Bana kaɗai. Baɗi audugarmu ta nuna, sai mu koma gaskiya."

Daga bayan ginshiƙi Magajiya ta ce, "Galadima, saƙar maƙiyinsa za ka kai wa mutum, yana cikin yaƙi da shi?"

"Zare bai san sarki ba, Magajiya."

"Zare bai sani ba, amma takobi ya sani. Akwai wuyan mutum a can."

Galadima ya yi murmushi. "Wane mutum? Faɗi sunansa mana fada ta ji, mu san wanda ake tsoro dominsa."

Wasu fadawa suka rufe baki suna dariya. Magajiya ta ja mayafi ta rufe fuska. Ba ta iya faɗa ba, kuma ya san ba za ta iya ba.

Sarki ya ce, "Yaya, ɗanki ɗana ne. Amma jiya an kawo mini labarin unguwar da aka dafa ganyen da ko akuya ba ta ci. Ba zan ƙi karɓar alherin Marafai ba. Galadima, a yi yadda ka ce. Kowa ya kama bakinsa."

Aka yi. Aka riƙa shigo da zugun Kwazara ta bayan dutse, ana wankewa ana shanyawa, har bakin gulbi ya yi fari kamar zamanin da. Yara suna tsalle suna murna, su ba su san komai ba.

Magajiya kuwa ta kasa cin abinci. Wata safiya ta tafi gidan Sarkin Masaƙa da kanta, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta ce, "Baba, ina da 'yar auduga. A bayan ɗakina nake shukawa duk shekarun nan, don kada irin ya ɓace. Ta isa zugu ɗaya?"

"Ta isa, in an kaɗa ta siriri."

"To ni zan kaɗa. Kai ka saƙa. Masu sauran kayan su san abin da suka yi da Allah, amma likkafanin Sarkin Marafai ba zai zama ƙarya ba. In wata rana asiri ya tonu, ya duba ya ga nasa na gaskiya ne, wataƙila ya tausaya wa yaron nan."

Idon tsohon ya cika da ƙwalla. Ya ce, "Uwar gari, na zaci zan mutu ban ƙara jefa ƙoshiyar saƙa ba. Wallahi sai na yi saƙar da ban taɓa yi ba."

Ta gurza audugar da hannunta, ta shiɓe ta, ta zauna da mazari da alli. Ba ta bar kowa ya taya ta ba. Ana gab da gamawa zaren ya tsinke. Wata tsohuwa da ke zaune ta ce, "Magajiya, ba a ƙulla zaren likkafani, ba kyau." Ta ce, "Babu wata audugar." Ta ƙulla. Sarkin Masaƙa ya ɓoye ƙullin a bakin saƙa, inda ido ba ya gani sai dai yatsa ya ji. Zugu ya fito lallausa, ka ce fatar jariri. Ta kira madugun ayari a keɓe ta danƙa masa, ta ce shi za a miƙa wa sarki. Galadima bai sani ba. Ranar tashi, jakin gaba ya tsaya a mashigi ya ƙi taka ruwa, sai da aka ja shi da ƙarfi.

A can Marafai, Kwazarawa ba su jira an je musu ba. Suka taso da rundunarsu har fadamar da ke kudu da birni. Madawakin Marafai, ƙanen Sarki Barmo uwa ɗaya uba ɗaya, ya fita da dawaki ya tare su. Kwazarawa suka yi kamar sun karye, suka ja shi cikin laka, 'yan bakansu na kwance a ciyawa. Kibiya ta sauko kamar ruwa. Dawaki masu lifidi suka nutse har gwiwa, ba gaba ba baya. Madawaki ya faɗi da kibiya a maƙogwaro, mutanensa suka juyo da gudu.

Barde Anaruwa na kan ganuwa yana kallo. Ya sauko ya faɗi gaban sarki ya ce, "Ranka ya daɗe, na ci tuwon gidan nan. A ba ni doki." Wasu suka ce jingina ba ya hawa doki, zai gudu. Sarki ya ce a ba shi. Anaruwa ya tara masu gudun nan a bakin ƙofa, ya ce su sauka su bar dawaki. Shi ɗan bakin gulbi ne, ya san laka. Suka bi ta gefen ciyawa a ƙafa, suka faɗa wa 'yan baka ta baya da takubba. Aka yi ta sara har rana ta karkata. Kwazarawa suka watse, aka kama wasu. Anaruwa ya shigo birni da gawar Madawaki a kafaɗarsa, jini na zuba daga goshinsa. Marafai ta ci yaƙi, amma ba a yi guɗa ba. Gawarwaki sun yi yawa.

Ana cikin jera su a filin fada ayarin Gulbare ya iso. Sarkin Ƙofa ya buɗe ƙofa duka biyu, ya ja gefe, bai taɓa igiya ko ɗaya ba. Madugu ya wuce fada ya durƙusa ya miƙa zugun Magajiya.

Sarki Barmo ya warware bakinsa ya shafa. Ya sake shafawa. Ya ce, "Ina yaro na taɓa shiga ɗakin kakana na taɓa likkafaninsa, aka doke ni. Na manta yadda yake, sai yau. Wannan ita ce Gulbare." Ya juya ga fadawansa. "Kakanninsu sun suturta namu a bakin gulbi. Yau ga shi Allah Ya sake kawo su ranar da muke bukata. A kwance kayan nan duka, na saya. Kowane mutum nawa da ya faɗi, a sa shi cikin saƙar Gulbare. Ƙanena ni zan rufe masa fuska."

Aka kwance kaya. Aka miƙo wa sarki zugu ɗaya, ya kama bakinsa zai shimfiɗa a fuskar Madawaki, sai ya tsaya. Hannunsa na dama na kan wannan, na hagu na kan na Magajiya. Ya daɗe a haka.

Ya ce, "A kawo mini ɗaya daga cikin kamammun nan."

Aka jawo wani Bakwazare. Sarki ya yagi bakin rigarsa da hannunsa, ya shimfiɗa ƙyallen a ƙasa tsakanin zugun biyu. Ba sai an kira masani ba. Kowa ya ga wanda ƙyallen ya yi kama da shi.

Sarki ya ce a hankali, "Da saƙar wanda ya kashe shi zan rufe shi."

Aka shiga majalisa nan take. Sarkin Yaƙin Marafai ya cire rawani ya ajiye a gaban sarki. Ya ce, "Zaki, ba don yaron nan ba da yanzu Kwazarawa na kiwo a filin nan. A kama madugu, a ƙone kayan, a rufe ƙofa har abada. Amma shi a bar shi."

Waziri ya ce, "Allah Ya ja zamaninka, ni ma na ga abin da ya yi. Amma a gaban jama'a jakadanka ya faɗi sharaɗi. Ƙasashe nawa ke shiga ƙofofinmu da alkawari? In suka ji an ci amanar Marafai an tashi lafiya, gobe kowa zai ɗauro mana maƙiyi a mangala."

Sarki ya sa aka shigo da Anaruwa, goshinsa a ɗaure. Ya nuna masa zugun biyu. Anaruwa ya taɓa na farko ya janye hannu. Ya taɓa na biyu, ya bar hannunsa a kai.

Ya ce, "Wannan kaɗin Inna ne."

Sarki ya ce, "Barde, ka san abin da aka ƙulla?"

"Ban sani ba, ranka ya daɗe."

"To faɗi haka da ƙarfi, majalisa ta ji, in sami abin kamawa."

Anaruwa ya ce, "Zaki, wuyana aka ce in kawo, ba sanina ba. In ka bar ni don ban sani ba, to jinginar me na zo yi? Roƙona ɗaya ne. In ka karɓi fitonka a kaina, ka bar garin. Yunwa ce ta sa su."

Sarki ya juya bayansa, ya ɗaga wa dogarai hannu.

Ruwan fari ya sauka a Gulbare, gulbi ya fara motsi. Mutane na ta fita bakin mashigi suna jiran ayari da hatsin da zai sayo. Da hantsi aka hango mutane tafe. Ba jakuna. Jakada Cindo ne a gaba, bayansa mutum huɗu ɗauke da makara.

Aka ajiye ta a filin fada, ƙarƙashin rimi. Sarki Nomau ya fito. Ya aika a kira Galadima, ɗan aike ya dawo ya ce gidan a buɗe yake, ba mutum ba doki, sawu ya yi bayan dutse.

Jakada bai faɗi ya yi gaisuwa ba. Yana tsaye ya ce: "Sarki Barmo ya ce in gaya wa Nomau, ya karɓi fitonsa. Ya ce cikin duk abin da Gulbare ta aiko, biyu ne na gaskiya, Barde da zugu ɗaya, ga su nan ya haɗa ya mayar, don bai ga wanda ya cancanci likkafanin sarki kamar wannan ba. Ya ce kuma in gaya wa wadda ta kaɗa zaren nan, da ba ta aiko shi ba, da hannunsa bai tuna ba, da ya rufe ƙanensa da ƙarya yana godiya. Ya ce ya gode mata."

Sarki Nomau ya ce, "To an biya. Ƙofa fa?"

"Ƙofar Marafai a buɗe take, ranka ya daɗe. Amma ba don ku shiga ba."

Magajiya ta fito daga bayan ginshiƙi. Ba ta rufe fuska ba. Mutane suka buɗe mata hanya. Ta durƙusa gefen makara, ba ta nemi a buɗe mata fuskarsa ba. Ta ɗora yatsa a bakin saƙar, ta bi shi a hankali, ta bi shi, har yatsan ya tsaya a kan ƙulli.

Ta ce, "Anaruwa."

Ba wanda ya taɓa jin sunan nan a bakinta. Ta sake faɗa, da ƙarfi, kamar mai kiran yaro ya shigo ruwa na zuwa. "Anaruwa!"

Babu amsa daga makara. Daga ƙetaren gulbi aka amsa mata, da tamburan yaƙin Marafai.